Janar Romel na Jamus: Dilan Hamada da ya fi guzurinsa sauri

A filinmu na tarihin mutanen da suka yi suna a duniya, yau za mu leƙa ƙasar Jamus mu ɗauko labarin Erwin Romel, hafsan da ya jagoranci sojojin Hitila a hamadar Libiya da Masar lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Turawa sun laƙaba masa sunan yanyawa, wannan 'yar dabba mai manyan kunnuwa da ke zaune cikin rairayi, amma mu a nan Dilan Hamada za mu kira shi, tunda dila muka sani da wayo. Masu karatunmu da ke fama da lodi da saukale a kasuwannin bakin iyaka za su fi kowa gane labarin nan, domin abin da ya karya mutumin a Afirka abu ne da suka sani sarai: mai, da ruwa, da tayoyi, da nisan hanya.

An haife shi ranar 15 ga Nuwamba 1891 a garin Heidenheim na yankin Württemberg, can kudancin Jamus. Mahaifinsa malamin makaranta ne, babu sarauta babu gadon soja a gidan, alhali a wancan zamani manyan muƙaman sojan Jamus sun fi zama a hannun 'ya'yan masu sarauta na Prusiya. Yana yaro injiniya ya so zama, amma uban ya karkata shi ga aikin soja, ya shiga a 1910. A makarantar horar da hafsoshi ta Danzig ya haɗu da Lucie Mollin, wadda ya aura a 1916.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya same shi yana ƙaramin laftana. Ya yi faɗa a Faransa inda aka harbe shi a cinya tun a 1914, daga nan aka mai da shi bataliyar masu yaƙi a kan duwatsu, ya je Romaniya, sannan Italiya. A nan ne ya fara yin suna. A watan Oktoba na 1917, a gumurzun Caporetto, ya ɗauki 'yan ɗaruruwan sojoji ya bi ta lungunan duwatsu ya ɓullo wa Italiyawa ta baya, cikin kwana biyu da 'yan sa'o'i ya kama mutum kusan 9,000 da manyan bindigogi 81, ya hau dutsen Matajur, shi kuwa mutum shida kacal aka kashe masa. Wannan ya jawo masa lambar Pour le Mérite, wadda ita ce ƙololuwar lambar jarumta a Jamus ta lokacin. Darasin da ya ɗauko daga duwatsun nan shi ne, idan ka yi sauri ka faɗo wa abokin gaba ta inda bai zata ba, tsoro zai yi maka rabin aikin, kuma ba sai ka tsaya jiran izinin na sama ba. Dabarar ta yi masa rana da yake 'yan ɗaruruwan mutane ne, kowa da guzurinsa a baya. Ita ce kuma ya ɗauka ya tafi da ita hamada bayan shekara 24, inda yake jan dubban mutane da motoci da kowace ke shan mai.

Bayan Jamus ta sha kashi a 1918, an ƙayyade mata soja 100,000 kawai, ciki har da hafsoshi 4,000. Romel na cikin waɗanda aka riƙe, sai dai ya shafe fiye da shekara goma yana kyaftin. Ya koyar a makarantar soja ta Dresden, daga baya ta Potsdam. Akwai abu guda da ya kamata mai karatu ya riƙe: bai taɓa samun horon babban ofishin tsare-tsaren yaƙi ba, wurin da ake koya wa hafsa lissafin tan nawa na abinci da harsashi runduna ke ci a rana da motoci nawa za su ɗauke shi. A 1937 ya wallafa littafi kan dabarun sojan ƙasa, wanda ya gina bisa abubuwan da ya gani a yaƙin farko. Littafin ya yi kasuwa, Hitila ya karanta ya yaba. Daga nan tauraruwarsa ta fara haske. Aka ba shi riƙon bataliyar da ke gadin Hitila idan yana tafiya, aka ɗaga shi zuwa manjo janar a watan Agusta na 1939, ana gab da afka wa Poland.

Romel bai taɓa yankar katin jam'iyyar Nazi ba. Amma wasiƙun da ya riƙa aika wa matarsa a waɗannan shekaru cike suke da yabon Hitila, kuma kusancin nan ne ya sa da ya roƙi a ba shi rundunar tankokin yaƙi aka ba shi, duk da cewa shi sojan ƙasa ne, bai taɓa jan tanka ko ɗaya a fagen fama ba.

A watan Mayu na 1940 ya shiga Faransa da runduna ta 7 ta tankoki. Ya tsallake kogin Meuse a kusa da Dinant, ya yi ta kutsawa dare da rana har hedikwatarsa ta kan rasa inda yake, shi ya sa aka riƙa ce wa rundunar ta fatalwa. Kafin ƙarshen watan Yuni ya kai bakin teku ya karɓe tashar Cherbourg. Yana tafe da kyamara a wuya, ma'aikatar farfaganda ta Goebbels kuma tana watsa hotunansa a jaridu da sinima. Abin da ba a watsa ba shi ne abin da ya faru a yankin kogin Somme a farkon Yuni, inda aka harbe sojojin Afirka baƙar fata na rundunar Faransa bayan sun ajiye makamai. Cikinsu har da Kyaftin Charles N'Tchoréré, ɗan asalin Gabon, wanda aka kashe a garin Airaines ranar 7 ga Yuni. Masana tarihi na ɗora alhakin wasu daga cikin kashe-kashen a kan sojojin rundunar Romel, ko da yake ba a samu wata takarda da ta nuna shi ya ba da umurni ba.

Zuwa Tarabulus

Abin da ya kai shi Afirka shi ne kunyar da Italiya ta sha. Musolini, abokin ƙawancen Hitila, ya tura soja daga Libiya zuwa Masar, sai Ingilishi suka fatattake su suka kama musu mutum kimanin 130,000. Ranar 12 ga Fabrairu 1941 Romel ya sauka a Tarabulus, wancan birni da ayarin fatake daga Kano kan dosa a da. Umurnin da aka ba shi a fili yake: ya tare hanya kada Libiya ta faɗi gaba ɗaya, kada ya kai babban hari. Hankalin Berlin na kan shirin mamaye Rasha, babu rarar mota ko mai da za a ba shi.

Bai jira ba. Tun kafin rabin mutanensa su sauka daga jirgi ya lura cewa Ingilishi sun kwashe ƙwararrun sojojinsu zuwa Girka, sai ya afka musu a ƙarshen Maris. Bangazi ta faɗi ranar 4 ga Afrilu, kafin tsakiyar wata ya kai iyakar Masar. Amma garin Tubruk mai tashar jiragen ruwa ya gagare shi. Sojojin Ostareliya da ke ciki suka kafe, ya yi ta tura mutane cikin gaggawa ba tare da sanin ganuwar garin ba, aka yi ta kashe su. Ƙawanyar ta ɗauki kusan wata takwas ba ta haifar da komai ba. Janar Halder, shugaban tsare-tsaren sojan Jamus, ya fusata har ya aiko Janar Paulus ya zo ya ja masa linzami.

To, a nan ya kamata mu tsaya mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Hamadar nan ba ta ba soja komai. Kowane buhun gari, kowace gangar mai, kowane harsashi sai an ɗauko shi daga Italiya a jirgin ruwa, an tsallake Bahar Rum, an wuce ta kusa da tsibirin Malta inda jiragen sama da na ƙarƙashin teku na Ingila ke kwanton ɓauna. Wanda ya tsira ya iso Tarabulus, sai ya tarar tashar ba ta iya sauke fiye da tan 45,000 a wata, alhali sojojin Jamus da na Italiya a haɗe suna bukatar kimanin tan 70,000. Wanda aka sauke kuma sai an loda shi a manyan motoci, domin babu layin dogo da ya haɗa Tarabulus da fagen fama, kwalta guda ɗaya ce tal da ke bin gaɓar teku. Daga Tarabulus zuwa Tubruk ya haura kilomita 1,200. Duk direban babbar mota ya san ma'anar wannan: motar da ke dakon mai ita ma mai take sha, zuwa da dawowa, ga rairayi na cin inji, ga taya na fashewa babu kayan gyara. An ƙiyasta cewa tsakanin sulusi da rabin man da aka sauke a tasha, motocin dakon ne ke ƙone shi a hanya. Ke nan duk nasarar da Romel ya samu ta ƙara masa nisa da rumbunsa, ta kuma matsar da abokan gabansa kusa da nasu.

Shi dai ya ɗauki wannan a matsayin matsalar wasu. Ya riƙa ɗora laifi a kan Italiyawa, yana zarginsu da sakaci ko tona asirin tafiyar jirage. Bai sani ba, Ingilishi ne suka warware sirrin saƙonnin rediyon Jamus da Italiya, suna sanin ranar da jirgi zai tashi da abin da ya ɗauko. Sai a shekarun 1970 duniya ta ji wannan.

Ɗaya ɓangaren kuwa sun buɗe wata hanya da ta ratsa ta ƙofar gidajenmu. Daga ƙarshen 1940 Ingilishi kan kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi a Ghana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi ta Ikko, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, su ratsa Darfur zuwa Khartum, sannan su gangara Alƙahira. Jirage sama da 5,000 suka bi wannan hanya, da yawansu kuma a kan motocin Romel suka zubar da bama-bamansu. Jamusawa sun san da ita, har a watan Janairu na 1942 wani jirginsu guda ya yi kasadar ratsa Sahara ya jefa bam a ma'ajiyar mai ta filin jirgin Fort-Lamy. Daga Chadi ɗin nan ne kuma Leclerc na Faransa ya tashi da rundunar da akasarinta 'yan Afirka ne, ya ƙwace Kufra a hannun Italiyawa a watan Maris na 1941.

A Nuwamban 1941 Ingilishi suka kawo babban farmaki, suka ceto Tubruk, Romel ya koma har inda ya fara. Da komawarsa kusa da tasha, sai ga wasu jirage sun iso da sababbin tankoki, ya sake juyowa ranar 21 ga Janairu 1942. A ƙarshen Mayu aka gwabza a Gazala, wanda shi ne yaƙin da ya fi nuna gwanintarsa. Ya zagaya ta kudancin layin abokan gaba, ya shiga bayansu, har ya kusa halaka don ruwa da mai sun yanke masa, shi da kansa ya je ya jawo ayarin motocin guzuri ta cikin wuta. Sojojin Faransa da ke Bir Hakeim sun riƙe shi mako biyu. Amma ranar 21 ga Yuni Tubruk ta faɗi cikin kwana guda, ya kama mutum fiye da 30,000, ya samu motoci kimanin 2,000 da tarin abinci da mai. Hitila ya naɗa shi fil mashal yana ɗan shekara 50.

A nan ne ya yanke shawarar da ta fi kowace tsada a rayuwarsa. Tsarin da aka yi tun farko shi ne, idan Tubruk ta faɗi a dakata, a juya jiragen sama a kama Malta, hanyar teku ta buɗe. Fil Mashal Kesselring da hafsoshin Italiya sun nace a kan haka. Romel ya dubi ganimar da ke gabansa ya ga ta isa ta kai shi mashigin Suez, ya tsallake su duka ya nemi yardar Hitila kai tsaye, aka kuwa ba shi. Kamar ɗan kasuwa ne da ya ci riba a ciniki guda, ya kwashi uwar kuɗi da ribar ya shiga wata kasuwa mai nisa, bai bar ko kuɗin motar dawowa ba. Musolini har ya taso zuwa Libiya yana jiran ranar shiga Alƙahira, a can Alƙahirar kuma Ingilishi suka fara ƙona takardun ofis.

Ya isa Alamain, kilomita 100 da 'yan kai daga Iskandariyya, da tankokin Jamus kimanin 55 masu motsi, sojoji a gajiye, akasarin motocinsa na ganima ne da babu kayan gyaransu. Tarabulus na bayansa da tazarar kusan kilomita 2,000. Wurin kuma matsattse ne, teku a arewa, ƙaton kwarin Kattara a kudu wanda mota ba ta ratsa shi, babu ta inda zai zagaya. Janar Auchinleck ya tsayar da shi a watan Yuli. A daidai lokacin ne kuma idanunsa biyu suka rufe: rahotannin wani jami'in sojan Amurka a Alƙahira da Jamusawa ke karantawa a ɓoye suka daina zuwa, rukuninsa na masu sauraren rediyon abokan gaba kuma Ostareliyawa suka murƙushe shi ranar 10 ga Yuli. Wani ɓangare na wayon Dila daga waɗannan yake fitowa. Ya sake gwadawa a Alam Halfa a ƙarshen Agusta bisa alkawarin man da ke tafe, aka nutsar da jiragen, ya janye.

Janar Montgomery bai yi gaggawa ba. Ya tara mutum kimanin 195,000 da tankoki sama da 1,000, kusan ninki biyu na abin da ke gabansa, sannan ya buɗe wuta daren 23 ga Oktoba 1942. Romel na jinya a Turai, wanda ya bari a madadinsa, Janar Stumme, zuciyarsa ta buga washegari. Ya dawo ranar 25 ga wata, kashegari aka nutsar da jirgin dakon mai Proserpina a bakin Tubruk. Da ya fara janyewa, Hitila ya aiko masa ranar 3 ga Nuwamba cewa kada ya ja da baya ko taku ɗaya. Ya bi umurnin na kwana guda, sannan ya karya shi. Jinkirin ya cinye sojojin ƙasa na Italiya waɗanda ba su da motoci, aka bar su a hamada. Ranar 8 ga wata Amurka da Ingila suka sauke soja a Maroko da Aljeriya, a bayansa. A ƙarshen watan ya je wurin Hitila ya ce a kwashe sojojin daga Afirka tun da sauran dama, Hitila ya balbale shi da faɗa. Daga nan amanar da ke tsakaninsu ta fara tsagewa. Ya ja ragowar rundunarsa har Tunisiya, ya ba Amurkawa kashi a mashigin Kasserine a Fabrairun 1943, ya bar Afirka ranar 9 ga Maris. A watan Mayu mutum kimanin 250,000 na Jamus da Italiya suka miƙa wuya a can.

An sha cewa yaƙin hamada yaƙi ne mai tsabta, kuma gaskiya ne fursunonin Ingila da dama sun shaida cewa Romel ya riƙe su da mutunci. Amma masu wannan magana ba su tambayi masu ƙasar ba. An ragargaza Bangazi da Tubruk. Italiyawa sun tsare Yahudawan Libiya a sansanin Giado inda ɗaruruwa suka mutu, a Tunisiya kuma jami'in SS Walter Rauff ya tilasta wa dubban Yahudawa aikin bauta. Da Masar ta faɗi, akwai rukunin SS da aka tanada zai bi bayan sojojinsa. Nakiyoyi kusan rabin miliyan da ya binne a Alamain, haɗe da na Ingilishi, sun ci gaba da kashe makiyayan Larabawa da raunata su shekaru da dama bayan an watse.

Ƙarshen al'amari

A ƙarshen 1943 aka ba shi aikin ƙarfafa gaɓar tekun Faransa. Alamain ta koya masa cewa wanda ba shi da iko da sama ba ya iya motsa tanka da rana, don haka ya nemi a ajiye tankoki dab da teku. Fil Mashal Rundstedt da wasu suka ce a ajiye su can baya, Hitila ya raba su gida biyu, babu wanda ya samu abin da yake so. Ranar 6 ga Yuni 1944 da sojojin ƙawance suka sauka a Normandi, Romel na gidansa a Herrlingen. Ya ga yanayin teku ya ɓaci, ya tafi bikin cikar matarsa shekara 50 da takalman da ya sayo mata a Paris.

A tsakiyar Yuli ya rubuta wa Hitila cewa fagen daga na gab da rushewa, lokaci ya yi da za a nemi mafita. Ranar 17 ga Yuli jirgin yaƙi ya buɗe wa motarsa wuta, direban ya mutu, shi kuma ƙoƙon kansa ya tsage. Bayan kwana uku Kanar Stauffenberg ya dasa wa Hitila bam, bai mutu ba. Cikin waɗanda aka kama aka azabtar, wasu sun ambaci sunan Romel, kuma babban mataimakinsa Janar Speidel na da alaƙa da masu makircin. Masana na saɓani kan iyakar abin da ya sani. Matarsa ta ce bayan yaƙi bai goyi bayan kisan Hitila ba, abin da ya so shi ne a tsayar da faɗa da Amurka da Ingila.

Gurfanar da mutumin da farfaganda ta mayar gwarzon ƙasa zai zama abin kunya ga gwamnati. Ranar 14 ga Oktoba 1944 janar biyu, Burgdorf da Maisel, suka iso gidansa da zaɓi: ko kotu, wadda hukuncinta sananne ne kuma iyalinsa za su ɗanɗana, ko guba, a yi masa jana'izar girma a ƙyale matarsa da ɗansa. Ya shiga ciki ya gaya wa Lucie da ɗansa Manfred mai shekara 15, ya sa rigar sojansa, ya ɗauki sandar fil mashal ya shiga motarsu. A bayan gari ya haɗiye gubar. Yana da shekara 52. Aka sanar wa jama'a cewa raunin da ya ji ne ya kashe shi, aka yi masa jana'izar ƙasa a birnin Ulm ranar 18 ga wata, Rundstedt ya yi jawabi a madadin Hitila, wanda ya aiko da furanni.

Gaskiyar ba ta fito ba sai bayan yaƙi. Daga nan tsoffin abokan gabansa suka ɗauki sunansa suka wanke, aka rubuta littafi a 1950, aka yi fim a Amurka a 1951, domin a lokacin ƙasashen Yamma na neman sake gina sojan Jamus ta Yamma kuma suna bukatar janar ɗaya da za a nuna ba tare da kunya ba. An sa wa babban barikin Augustdorf sunansa, abin da ya jawo muhawara a Jamus sau da dama. Manfred kuwa ya girma ya zama magajin garin Stuttgart daga 1974 zuwa 1996, ya kuma ƙulla abota da David, ɗan Montgomery. Kabarin uban na nan a maƙabartar Herrlingen, ba nisa da gidan da aka zo aka ɗauke shi.